Jirgin lilo ba shi da inji: fashin baƙi kan kalmomin rola-kosta

Duk wanda ya taɓa hawa rola-kosta, jirgin nan na wurin wasa mai hawa da gangara a kan dogo, ko ya kalli bidiyonsa a waya da sauti a buɗe, ya san ƙarar nan. Jirgi ya baro tasha, ya ɗaga hanci sama, sai ka riƙa jin kas-kas-kas a ƙarƙashin kujera, a hankali, kamar ana ƙirga maka sauran numfashi. Galibin mutane ɗauka suke ƙarar sarƙar da ke jan jirgin ce. A'a. Wani ɗan harshen ƙarfe ne da ke rataye a cikin tarago yake tsallake haƙoran da aka jera a kan hanya, ɗaya bayan ɗaya. Da sarƙa za ta tsinke ko wuta ta ɗauke, harshen nan zai cije haƙorin da ya fi kusa, jirgi ya tsaya cak a inda yake. Ma'aikata suna kiransa kare, kare mai hana komawa baya. Ka ga ke nan ƙarar da ta fi tsinka wa mahayi zuciya, ta abin da ke tsare masa rai ce.

Haka sha'anin kalmomin wannan sana'a yake. Akwai na 'yan talla, masu kwarjini, waɗanda ake rubutawa da manyan baƙaƙe a bakin ƙofa. Akwai kuma na injiniyoyi, marasa armashi, waɗanda ba wanda ke ɗaukar hoto da su. Ni dai na biyun ne suka fi ba ni sha'awa, kuma su zan fi daɗewa a kai.

Sai mu fara da sunan abin kansa, tunda Hausa ba ta raɗa masa ba tukuna. A wurinmu duk abin da ake hawa a wurin wasa ranar sallah lilo ne, mai juyawa da mai sama da ƙasa. Don haka a nan zan ce masa jirgin lilo. Sauran al'ummu ma kowa da inda ya kama. Faransawa da Sifaniyawa suna cewa duwatsun Rasha, saboda asalin wasan tudun ƙanƙara ne da ake ginawa da katako a Rasha tun ƙarni na 17, mutane su zauna a kan wani abu su sulalo. Su kuwa Rashawa sai suka mayar da biki, suke ce masa duwatsun Amurka. Jamusawa sun dubi siffar hanyar suka ce layin takwas. Larabawa wasu su danganta shi da maciji, wasu kuma, musamman a Masar, su ce jirgin mutuwa kai tsaye.

A Faris an sa masa taya a kan dogo tun a 1817. A Amurka kuwa daga kwal aka faro. Akwai layin Mauch Chunk a jihar Pennsylvania, wanda aka shimfiɗa a 1827 don gangaro da kwal daga kan dutse. Taragu su gangaro da kansu, alfadarai su ja su su mayar sama, kuma alfadaran ma a tarago suke gangarowa. Daga baya mutane suka fara biyan kuɗi don a gangaro da su. Wanda ya mayar da abin sana'a sosai shi ne LaMarcus Thompson, da ya buɗe nasa a Coney Island ta New York a 1884. Kuɗin shiga santi 5, gudunsa bai wuce kilomita 10 a awa ba. Yaro a kan keke ya fi shi sauri.

Hayi, sarƙa da taya uku

Jirgin lilo ba shi da inji, ba shi da direba, kuma galibi birki ma ba a jikinsa yake ba. Tudun farko, wanda za mu kira hayin ɗagawa, shi ne jarinsa gaba ɗaya. Sarƙa ta ja shi ta kai ƙololuwa, ta sake shi, daga nan kuma ci yake daga wannan jari har ya dawo tasha. Duk gangara tana mayar da tsawo gudu, duk hawa yana mayar da gudu tsawo, iska da gugar taya kuwa suna karɓar harajinsu a kowane taki. Shi ya sa duk tudun da ya biyo baya dole ya gaza na farko.

Lissafin a fili yake. Abin da ya faɗo daga mita 60 zai iso ƙasa da gudun kusan kilomita 123 a awa. Jirgin Millennium Force da ke Cedar Point, wani wurin wasa a bakin tafkin Erie a jihar Ohio ta Amurka, yana gangaro mita 91, kuma gudunsa kilomita 150 ne. Mai son gudu ta wannan hanya ba shi da wata dabara illa ya ƙara tsawo.

Tambayar da kowa ke yi ita ce, me ya hana shi tashi daga kan dogo? Leƙa ƙarƙashin tarago za ka samu amsa. Jirgin ƙasa ɗorawa kawai yake a kan layi. Jirgin lilo kuwa riƙe yake da layin ta gefe uku, kamar yadda hannu ke riƙe sanda. Akwai tayar sama mai ɗaukar nauyi. Akwai tayar gefe mai hana shi zamewa a kwana. Sannan akwai tayar ƙasa, wadda ke bin cikin dogon ta ƙarƙashi, aikinta kawai ta hana tarago ɗagawa. Wani injiniya Ba'amurke mai suna John Miller ya yi rajistar wannan taya ta uku a 1919, kuma a ganina ba a taɓa ƙirƙirar abin da ya kai ta muhimmanci a sana'ar ba. Kafin ita, ba dama a yi gangara mai tsanani, har mai birki ake sawa a cikin jirgi yana rage gudu da hannu. Bayanta ne aka samu irin su Cyclone na Coney Island, wanda aka buɗe a 1927 kuma har yau ana hawansa.

Na katako, na ƙarfe, da na kai ƙasa

Rabon farko da masana suke yi shi ne na katako da na ƙarfe. A nan ne baƙo ke ruɗewa, domin ba ginshiƙai ake dubawa ba, hanyar da taya ke bi ake dubawa. Cyclone ɗin nan ginshiƙansa ƙarfe ne, amma na katako ake lissafa shi. Gemini na Cedar Point ginshiƙansa katako ne, amma na ƙarfe ne. Hanyar katako allunan itace ne da aka ɗora wani kan wani aka ɗaure, aka shimfiɗa siririn ƙarfe a sama. Tana girgiza, tana kuka, tana sauya hali da zafi da damina, kuma kafintoci kan bi ta da ƙafa kullum suna ɗaure abin da ya saki. Masu sonta don wannan girgizar suke sonta.

Hanyar bututun ƙarfe ta fara ne da Matterhorn Bobsleds a Disneyland a 1959. Bututu yana lanƙwasuwa duk yadda aka so, kuma daga nan ƙofa ta buɗe. Akwai kuma ruwa biyu, inda kamfanin Rocky Mountain Construction ke ɗaukar tsohon gini na katako ya ɗora masa sabuwar hanyar ƙarfe, kamar yadda ya fara da New Texas Giant a 2011.

Rabo na biyu na yadda aka ɗora mutum ne. Na zaune shi ne na kowa da kowa. Akwai na tsaye, akwai na kwance rub da ciki kamar tsuntsu a sama, akwai mai fiffike wanda kujerunsa ke gefe da gefen hanya, ba komai a sama ba komai a ƙasa. Biyu ne ake yawan haɗawa alhali sun bambanta. Mai reto yana rataye a ƙarƙashin hanya yana lilo hagu da dama a kwana, don haka ba ya iya kifewa. Na kai ƙasa shi ma a ƙarƙashin hanya yake, ƙafafun mutane suna reto a iska, amma a ɗaure yake tamau, saboda haka yana alkafura son ransa. Kamfanin Bolliger & Mabillard na Suwizalan ya fara shi a 1992. Su ne kuma suka yi mai nutso, Oblivion na wurin wasan Alton Towers da ke Ingila a 1998, wanda ke kai ka bakin gangara ya riƙe ka na 'yan daƙiƙoƙi kana kallon rami kafin ya sake. Sai mai je-ka-ka-dawo, wanda hanyarsa ba ta zagayowa, ya je ƙarshe ya dawo da baya. Boomerang na kamfanin Vekoma na Holan shi ya fi yaɗuwa, an gina fiye da 50 iri ɗaya sak.

Yanzu ga na 'yan talla. A 1989 Cedar Point ya buɗe Magnum XL-200 da ya haura ƙafa 200, sai aka raɗa wa irinsa haifa-kosta (ba ruwansa da haihuwa, kalmar Girkanci ce mai nufin wuce iyaka). A 2000 suka haura ƙafa 300 da Millennium Force, suka ce giga. A 2003 suka haura 400 da Top Thrill Dragster, suka ce sitirata. Wuri ɗaya ne yake gina abin, yake raɗa masa suna, yake kuma sayar da tikiti. Ba wani sirrin injiniyanci a ƙafa 300 da babu shi a 299. Yanzu ma da aka gina Falcon's Flight a Qiddiya kusa da Riyad, wanda ke gangarowa daga kan tsaunin Tuwaiq kuma aka tsara shi ya kai kusan kilomita 250 a awa, an sake ƙago masa sabon suna, eksa.

Abin da ya sauya sana'ar da gaske shi ne harbawa. Maimakon a ja jirgi sama a hankali, sai a cilla shi daga shimfiɗaɗɗiyar hanya kamar dutse daga danƙo. Hanya ɗaya ita ce ta matsin mai: a tara ƙarfi a manyan tukwane, a sake shi lokaci guda ya juya wani gangan da ke naɗe igiyar ƙarfe, igiyar ta fizgi jirgi. Da ita Kingda Ka na New Jersey yake kai kilomita 206 a awa cikin daƙiƙa 3.5, ya hau mita 139. Da ita kuma Formula Rossa na Abu Dhabi, wanda aka buɗe a 2010, yake kai kilomita 240 cikin ƙasa da daƙiƙa 5, har sai an ba mahaya tabarau saboda yashi da ƙwari. Amma abin yana da cin kuɗi da yawan lalacewa. An rufe Kingda Ka a ƙarshen 2024, aka rushe shi a farkon 2025. Wadda ta ci kasuwa yanzu ita ce ta maganaɗisu: a jera na'urorin lantarki a kan hanya, su riƙa ja da tura maganaɗisun da ke cikin jirgi, ba tare da wani abu ya taɓa wani ba. Abin da bai gogu ba kuwa ba ya saurin cinyewa.

Abin da jiki ke ji

Duk lanƙwasar da ke kan hanya don abu ɗaya aka yi ta, wato wasa da nauyin da kake ji. Ma'auninsa harafin g ne. Kana zaune a gida g 1 kake ji. A ƙasan gangara, inda jirgi ke juyowa sama, ana iya kai ka g 4, wato mai kilo 70 ya ji kamar kilo 280 aka danna a kujera. Kumatu su zubo, hannu ya ƙi ɗaguwa, jini ya gangara ƙafa, in abin ya ɗan daɗe gani ya fara dishi-dishi. Shi ya sa ba a barinsa ya wuce 'yan daƙiƙoƙi.

Kishiyarsa ita ce abin da masoya wasan suka fi nema. Da Turanci eyataim suke cewa, kalmar nan dai da muke sayen katin waya da ita, amma a nan nufinta lokacin da mazaunai suka rabu da kujera. Wanda ya taɓa zama a bayan motar haya direba ya haye tudun gada a guje, hanjinsa ya taso, ya ɗanɗana kaɗan. Iri biyu ne. Akwai mai taushi, inda nauyi ke komawa sifiri ka ji kana shawagi. Akwai mai fizga, inda ya wuce sifiri ya koma ƙasa da haka, jirgi ya nutse ya bar ka, sandar cinya kaɗai ta riƙe ka. Tudun da ke kawo wannan sunansa tozon raƙumi, ƙananansa da ake jerawa a ƙarshen hanya kuma tsallen zomo. Waɗannan ba ni na fassara don daɗin baki ba, haka sunayen suke a wurin masu abin.

Sai alkafura, wato duk inda aka kifar da mutum kai ƙasa. Uwar su ita ce zobe. Dubi hoton kowane zobe na zamani da kyau, za ka ga ba da'ira ba ce, ya fi kama da ɗigon hawaye da aka kifa: kwanar ƙasa a buɗe, ta sama a tsuke. Akwai dalili. Yarinyar da ke wulwula bokitin ruwa da hannu ta san sai da sauri ruwan ke zama a ciki in ya kai sama. To a cikakkiyar da'ira, gudun da zai ishe ka wuce saman yana nufin a ƙasan za ka sha kusan g 6, kuma a lokaci guda zai faɗo maka. An gwada hakan a Flip Flap Railway a 1895, mutane suka riƙa sauka da ciwon wuya, ba a daɗe ba aka watsar. Sai a 1976 Bajamushe Werner Stengel, tare da Anton Schwarzkopf, suka warware matsalar a Revolution na Magic Mountain da ke California. Suka ari lanƙwasar da masu gina titi da layin dogo suke amfani da ita, wadda ke tsukewa sannu a hankali, kamar direban kirki da ke murza sitiyari kaɗan-kaɗan maimakon ya fizge. A ƙasa, inda gudu ya yi yawa, kwanar a buɗe take. A sama, inda gudu ya ragu, ta tsuke.

Stengel ne kuma ya yaɗa dabarar layin zuciya. A da, in za a karkata hanya, dogon ake murɗawa a kan kansa, sai kan mahayi ya riƙa bugun abin kafaɗa hagu da dama. Shi sai ya ce a ɗauki ƙirjin mutum a matsayin tsakiya, hanya ta zagaya shi. In ka hau tsohon jirgi ka sauka kunnuwanka na zafi, ka hau sabo ka sauka lafiya, yawanci bambancin ke nan.

Sauran alkafurorin sunayensu daga kama ne ko daga matuƙan jirgin sama. Tufka tana murɗe ka kamar igiya, kuma da ita aka dawo da kifarwa a zamanin nan, a wurin wasan Knott's Berry Farm da ke California a 1975. Kan gamsheƙa yana kifar da kai sau biyu ya juyo da kai inda ka fito, siffarsa kamar kumurci ya fasa kai. Akwai fiffiken jemage, akwai ayaba. Immelmann kuwa sunan wani matuƙin jirgin yaƙin Jamus ne na Yaƙin Duniya na Ɗaya: rabin zobe, sannan a mirgina a miƙe.

Birki da shinge

Birki a kan hanya yake, jirgi faranti kawai yake ɗauke da shi. Na gargajiya leɓɓa biyu ne da ke matse farantin. Muhimmin abu shi ne a rufe suke zaune, iska ake turawa a buɗe su. In wuta ta ɗauke ko bututun iska ya fashe, rufewa za su yi. Na zamani maganaɗisu ne: farantin tagulla ko alminiyam ya ratsa tsakaninsu, sai wani ƙarfi ya taso yana ja da baya, kuma iya gudunka iya riƙon da zai yi maka. Ba ya buƙatar lantarki ko kaɗan. Aibinsa ɗaya, ba ya tsayar da jirgi cak, sai an ƙarasa da na matsewa ko da tayoyin roba. Akwai kuma birkin datsa, mai ɗan rage gudu a tsakiyar tafiya, wanda masoya wasan suka tsana kamar me. Sandar cinya da abin kafaɗa su ma haka tsarinsu yake: kullewa ce halinsu, sai a tasha ake iya buɗe su.

Kalmar da ta fi kowace nauyi a wurin ma'aikata ita ce bulok, mu ce shinge. Ana yanka hanya kashi-kashi, kowane kashi yana ƙarewa da wurin da za a iya tsayar da jirgi: tasha, hayin ɗagawa, birkin tsakiya, birkin ƙarshe. Doka ɗaya ce, jirgi biyu ba sa haɗuwa a shinge ɗaya. Sensa, wato na'urar da ke gane wucewar jirgi, tana gaya wa kwamfuta inda kowane jirgi yake, kuma ba za a saki na baya ba sai na gaba ya fice. Saboda haka hanya mai shinge biyar ba ta ɗaukar fiye da jirgi huɗu, dole a bar gurbi ɗaya da za a matsa.

Me zai sa jirgi ya kasa ficewa? Jarinsa ne ya ƙare kafin lokaci. Sanyin safiya ya daskarar da giris, ko iska ta taso ta gaba, ko jirgin ba kowa a ciki don haka ba shi da nauyin da zai keta iska (shi ya sa ake gwaji da jarkoki masu siffar mutum cike da ruwa). Sai ya kasa haye wani tudu, ya dawo, ya yi ta kai da komo har ya kwanta a kwari. Wannan shi ake kira kwanciyar kwari. A jiragen harbawa kuwa, in bai kai ƙololuwa ba, da baya yake dawowa kan birkin maganaɗisu da aka tanada don haka, kuma akwai masu hawa da addu'ar Allah ya sa ta faɗo a kansu, don su samu labarin bayarwa.

Ranar 2 ga Yuni 2015, a The Smiler na Alton Towers a Ingila, mai alkafura 14, an saki jirgi ba kowa a ciki, iska ta kwantar da shi a kwari. Kwamfuta ta ga shingen bai fita ba, ta tsayar da jirgin da ke biye, mai ɗauke da mutum 16, a kan hayi. Injiniyoyin da ke bakin aiki ba su lura an ƙara jirgi na biyar a kan layi ba. Suka ƙirga huɗu, suka ga lissafi ya cika, suka ɗauka kwamfuta ce ta rikice, suka share gargaɗin da hannu. Jirgin mutane ya gangaro ya afka wa wanda ke kwance. 'Yan mata biyu sun rasa ƙafa. A Satumban 2016 kotu ta ci kamfanin da ke da wurin tarar fam miliyan 5, kuma laifin da ta kama shi da shi na rashin tsari da horarwa ne, domin na'urar ta yi abin da aka gina ta ta yi.

To in ka ga bidiyo yana yawo, jirgi ya tsaya a kan hayi, mutane na zaune a sama, an rubuta "ya lalace", yawanci abin da ya faru shi ne wata sensa ta ga abin da bai gamshe ta ba, kwamfuta ta tsayar da kowa a shingensa. Karen nan ya cije haƙori. Ko dai a duba a sake tayarwa, ko ma'aikata su hau su buɗe sanduna ɗaya bayan ɗaya su sauko da mutane ta matakalar da ke bin gefen hayin tun daga ƙasa har sama.